Hunturun da Na Koyi Ƙirga Numfashi

Duk shekara idan watan Disamba ya kama, na tashi da asuba na ji leɓena ya tsage, na ga ƙura ta kwanta a kan dardumar salla, sai zuciyata ta koma wani gida a birnin Kano inda na yi shekara huɗu ina renon 'ya'yan mutane. Gida ne mai ɗaki uku da rumfar kwano, da darbejiya guda a tsakar gida. Idan gari ya yi garau, daga bakin ƙofa ana hango Goron Dutse. Da hunturu ya sauka kuwa sai dutsen ya ɓace ɓat a cikin hazo, rana ta fito fara fat kamar faifai, har mutum ya iya kallonta ido da ido.

Mai gidan dattijuwa ce da ta yi aikin jinya a ɓangaren yara sama da shekara 30 kafin ta yi ritaya. Kowa Hajiya yake ce mata. Akwai Inna, mai dama kunu da goyo. Akwai Baba maigadi. Sai ni, da na gama kwalejin ilimi ban samu aikin koyarwa ba, yara suna kirana Anti. Yara 23 ne a hannunmu a shekarata ta farko, ƙaraminsu ɗan wata bakwai, babbansu ya doshi shekara huɗu. Iyayensu mata malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da masu shago a Kantin Kwari. Tun ƙarfe bakwai ake fara sauke su, wasu a adaidaita sahu, wasu a gaban babur, gashin ido ya yi furu-furu da ƙura. Na shiga aikin ina ganin na san yara, don ni ce babba a ɗakinmu, ƙanne biyar na goya. Hunturun farko ya nuna mini cewa goyon ƙani a gaban uwa daban, riƙon amanar 'ya'yan mutane a cikin sanyi daban.

Tun kaka, ana tsakar yankan dawa, Hajiya ta fara shiri. Ta ja ni kasuwar Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, muka tsinci rigunan sanyi da hulunan ulu da safa, muka wanke muka jera a akwatin ƙarfe. Na ce mata, "Hajiya, ai iyayen yaran nan duk masu samu ne." Ta ce, "'Yata, ba kowane albashi ke ganin ƙarshen wata ba. Wanda ma aka saya masa, idan ya jiƙa rigarsa da kunu da ƙarfe tara, me za ki sa masa?" Ta kuma hana a nuna wa wata uwa cewa an tausaya wa ɗanta. Idan ta zo ɗauka ta gan shi da rigar da ba tasa ba, abin da za a ce kawai shi ne, "Yau da sanyi, muka ƙara masa. A bar masa, akwai wasu." Abin da ya rage a akwatin kuwa, na ƙananan almajiran da ke zuwa karɓar kunu da safe ne.

Bayan akwati sai kati. Ta sa kowace uwa ta kawo katin rigakafin ɗanta, ta sa tabarau ta bi layi-layi, musamman allurar ƙyanda ta wata tara, domin a busasshen lokacin nan ne ƙyanda da sanƙarau suka fi yaɗuwa, ga yara a cunkushe a ɗaki guda suna shaƙar numfashin juna. Tana bakin aiki a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, Kano na cikin jihohin da abin ya fi muni. Idan ta tuna yaran da aka riƙa shimfiɗewa a ƙasa don gadaje sun ƙare, sai ta yi shiru ta cire tabarau tana gogewa.

A kwaleji an koya mana cewa kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari, iskar arewa maso gabas ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwaso ta. A takarda na san wannan. A gidan Hajiya na gan ta da idona a majinar yaro, na ji ta a tarin da ke tashinsa daga barci. Shi ya sa ba a sa tsintsiya a ɗaki idan yara na nan, da tsumma mai danshi ake bin ƙasa da taga da kayan wasa. Tsakar gida kuwa sai Baba ya yayyafa ruwa kafin ya share.

Hajiya ba ta yarda a miƙo yaro daga ƙofa a juya ba. Takan zauna a zaure a kan kujera 'yar tsugunno, duk wanda ya shigo sai ya bi ta hannunta. Ta ɗora bayan hannu a goshinsa, ta zura yatsu a ƙeyarsa ta cikin riga, ta duba ido da hanci da leɓe, tana tambayar uwar: "Yaya ya kwana? Ya yi tari? Ya karya?" Duka-duka minti guda ne, amma a cikinsa ta gama sanin wanda za a sa wa ido a ranar.

A zauren nan na gane cewa jibga wa yaro kaya ma yana da nasa haɗarin. Za a kawo jariri an naɗe shi da riga huɗu da bargo, a taɓa ƙeyarsa a ji sharkaf da gumi, da an buɗe shi iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki. A Kano kuwa ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 12 da asuba, da azahar ya haura kusa da 30. Don haka kaya marasa nauyi muke sa musu hawa-hawa, muna ragewa yadda rana ke ɗagawa, mu mayar da la'asar. Sai shafa: man kaɗanya ko basilin a leɓe da kumatu da bayan hannu da diddige, da safe da kuma bayan barcin rana.

Sai ranar kasko, ranar da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina.

A cikin Janairu ne, ana muku-mukun sanyi. Kwana uku rana ba ta fito sosai ba, har muka ji a rediyo cewa hazo ya hana jirage sauka. Aka yi wa Hajiya rasuwa a ƙauye, ta yi sammako ta tafi, ta bar ni da Inna. Ƙananan yara tara ne ke barcin hantsi a ɗakin ƙurya, ɗakin kuwa sanyi ƙarara kamar cikin randa. Na taɓa ƙafafunsu na ji kamar ƙanƙara, tausayi ya kama ni. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, a gaban wuta muka reni namu. Bari in ɗebo garwashi."

Na san Hajiya ta hana kai wuta inda yara suke, amma a fahimtata ƙuna take gudu. Na ce a raina, idan na hana yaro isa ga wutar ai na cika umarni. Na ajiye kaskon gawayi a lungu na tare shi da benci biyu. Na rufe tagogi ruf, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada ɗumi ya fita, na zauna a tsakiyarsu. Ɗaki ya ɗauki ɗumi mai daɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka yi barci, har da wanda ba ya taɓa runtsawa sai a bayan Inna. Na yi hamdala.

Awa guda ba ta cika ba kaina ya fara sarawa. Zuciyata ta riƙa tashi, jikina ya yi nauyi kamar an ɗaura mini dutse. Na ce mura ce za ta kama ni. Wani yaro ya farka ya yi amai, ya yi kuka can ƙasa-ƙasa, ba irin kukansa ba. Na yunƙura in ɗauke shi, jiri ya kwashe ni na dafa bango.

Allah ya kawo Baba maigadi a daidai lokacin, da saƙon wata uwa da ta manta maganin ɗanta. Ya yi sallama ya tura ƙofa, ɗumi ya bugi fuskarsa, idonsa ya sauka a kan kasko. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. "Innalillahi! Malama, fito da yaran nan! Fito da su yanzu!" Ya warware rawaninsa ya naɗe hannu, ya suri kaskon ya yi waje da shi, ya dawo ya bankaɗe tagogi. Muka riƙa kwasar yara bibbiyu muna ajewa a gindin darbejiya, a cikin sanyin da nake gudar musu. Iska na dukansu suka fara farkawa suna tsala ihu, ban taɓa jin kuka ya yi mini daɗi kamar na ranar ba. Guda ce ba ta yi kuka ba, 'yar wata goma sha ɗaya. Jikinta ya saki, idonta rabi a buɗe. Na rungume ta ina kiran sunanta. Baba ya fita titi ya tare adaidaita sahu, Inna ta tsaya da manyan yara, maƙwabta mata biyu suka bi mu da ƙananan.

A asibiti aka sa mata iskar oksijin, aka duba sauran. Kafin azahar ta buɗe ido ta nemi nono. Uku aka riƙe zuwa yamma, ita kuma ta kwana. Likitar da ta gan mu ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke riƙe da su. Yaro ya fi babba saurin numfashi, don haka shi take fara kayarwa. Ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an shigar da janareta cikin gida. Ashe barcin da na yi wa hamdala hanyar suma ce. Daga baya Baba ya gaya mini cewa a garinsu an taɓa buɗe ɗaki da safe a gabansa, aka tarar da ango da amarya da kasko, su biyun babu rai.

Hajiya ta dawo kai tsaye asibiti. Na jira faɗa, ba ta yi ba. Ta kira iyayen yaran ɗaya-ɗaya ta gaya musu abin da ya faru ba ragi ba ƙari, ina tsaye a gefenta. Uwar yarinyar ta dube ni, idonta jajir, ta ce, "Anti, amana fa na ba ki." Ba ta ƙara ba. Gida biyu suka cire 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Da dare Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Na hana wuta ban faɗi dalili ba. Wanda aka ba doka ba a ba shi dalili ba, ranar da ya ga ya fi dokar tausayi zai karya ta. Rabin laifin nawa ne. Ɗaya rabin ki riƙe shi, zai yi miki amfani." Ina riƙe da shi har yau. Bayan mako guda uwar yarinyar ta dawo da ita. Da Hajiya ta gama duba ta a zaure, uwar ta ɗauke ta ta miƙo mini a hannu, ba ta ce komai ba.

Daga ranar kowace doka da dalilinta take zuwa. Hajiya ta zaunar da mu uku ta bi su ɗaya-ɗaya, Inna na share hawaye da bakin mayafi. Babu wuta kowace iri a ɗakin yara. Taga guda ta sama kullum a buɗe kaɗan, a rataya mata ƙyalle mai danshi ya tare ƙura. Ruwan wanka, na sanyi ake fara zubawa a baho sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu. Filas a saman kabad. Kunu a kicin zai huce kafin ya fito. Idan tsautsayi ya sa yaro ya ƙone, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin minti 20, sannan asibiti. Babu ɗanyen ƙwai, babu makilin, babu manja. An ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Namu shi ne kada ya taka a hannunmu.

Ɗumi kuma muka nemo shi ta wata hanya. Siminti ne ke zuƙe ɗumin jikin yaro, sai muka shimfiɗa kwalaye a ƙasa, sannan tabarma a kai. Safa a ƙafa, hula a kai idan za a fita. Wanda ya fi jin sanyi a goya shi, domin babu kaskon da ya kai bayan mutum. Sauran kuma sai motsi.

Motsin nan shi ne rabin aikin hunturu. Ɗan shekara biyu da aka kulle a ɗaki tun bakwai, kafin tara ya ciji na kusa da shi, don ƙarfi ya taru ya rasa mafita. Sai muka tsara yini bisa tafiyar rana. Daga safe zuwa wajen ƙarfe goma muna ciki, a yi tsallen kwaɗo, a yi tafiyar agwagwa, a yi taƙamar raƙumi, Inna na kiɗan ƙwarya. Kafin a zagaya ɗaki sau uku kumatu sun yi ɗumi. Yumɓu yana sanyaya hannu, sai nake kwaɓa wa manyan fulawa da ɗan mai da ruwan ɗumi, su yi ta mulmula tuwo da shanu da mota. Ƙananan kuma ƙoƙuna da ludayin duma, su jera su rushe. Lokacin magarya ne, yara na zuwa da ita a aljihu, don haka kowace safiya sai na laluba; ƙwallon magarya da gyaɗa da duwatsun carafke ba sa shiga ɗaki, kada su maƙale wa wani a maƙogwaro.

Inna ta fi kowa iya tatsuniya, amma ta ce ita ba ta yi da rana, haka ta tarar manya sun hana. Hajiya ta lallashe ta har ta yarda, bisa sharaɗin a saki labule. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "To, mun mayar da shi dare." Da ta shiga labarin Gizo da Ƙoƙi, tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, ɗaki ya yi tsit, har mai cizon ya jingina da cinyarta. Kafin hunturu ya fita 'yan shekara uku sun iya mayar da labarin da bakinsu, waɗanda suka zo ba sa haɗa kalma uku sun fara haɗa zance.

Idan rana ta samu ta keto hazo sai a fita shan hantsi. Mukan shimfiɗa tabarma a jikin bangon da rana ke fara duka, inda iska ba ta kaiwa, a yi guje-guje da wasan ɓuya, a sha lemo a ci dafaffen dankali da karas, da yake lokacinsu ne. Ranar da ƙura ta yi yawa har ba a ganin ƙarshen layi ba a fita, saboda yara biyu masu asma. Ruwa kuwa ba ma jira a nema. Yaro bai cika jin ƙishi da sanyi ba, alhali busasshiyar iska na kwashe ruwan jikinsa ta fata da numfashi. Kowa da kofinsa, duk bayan awa guda a zagaya da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Akwai yaron da ruwan nan ya zame masa magani, ɗan shekara uku mai sikila. Uwarsa ta ce wurare biyu sun ƙi karɓarsa don gudun ɗawainiya. Hajiya ta karɓe shi. Ta ce a ƙasar da ake haifar jarirai wajen 150,000 da wannan ciwo kowace shekara, gidan renon da bai iya riƙe mai sikila ba bai gama koyon aikinsa ba. Ta zana mini a takarda yadda ƙwayar jininsa ke lanƙwashewa kamar lauje, yadda sanyi ke tsuke hanyoyin jini, ƙarancin ruwa ya sa jinin ya yi kauri, sai ƙwayoyin su toshe hanya, ciwo ya taso a ƙashi.

Shi ba ya kuka idan abin ya fara. Yana da motar gwangwani da ba ya rabuwa da ita. Idan na ga motar a yashe, shi kuma ya koma lungu ya rungume hannunsa a ciki, na san ciwo ya taso. Sai in ɗauke shi a cinya, in naɗe hannun da tawul mai ɗumi, in yi ta ba shi ruwa kurɓi-kurɓi da maganin da likitansa ya rubuta, a kira uwarsa. Idan da zazzaɓi kuwa, sai asibiti nan take. Wata rana yana zaune yana kallon sa'o'insa na gudu a tsakar gida, ya ce mini, "Anti, ni ba yaro ba ne?" Tambayar ta kwana a raina. Washegari na kifa masa bokiti a gabansa na ba shi sanduna biyu, na naɗa shi sarkin kiɗa: idan ya buga a ruga, idan ya tsaya kowa ya daskare. Daga ranar wasa ba ya farawa sai ya zauna a kujerarsa a cikin rana, da safarsa da hularsa.

Darasi na ƙarshe na wannan hunturun shi ne ƙirga numfashi. Hajiya ta ce mura kowane yaro zai yi, kuma mafi yawanta da kanta take tafiya. Abin tsoro shi ne limoniya, wadda mutanenmu ke kira sanyin haƙarƙari. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ƙura da cunkoso su buɗe mata hanya, kuma tana cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙasar nan. Ta tsayar da ni a gaban agogon bango, ta ɗaga rigar wani jariri da ke barci. "Kada ki ƙirga yana kuka. Dubi cikinsa, hawa da sauka ɗaya ke nan. Minti guda cur." Ta sa na haddace ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya: daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, numfashi 50 ko fiye a minti ya yi sauri, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Idan kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko yaro ya kasa shan nono, ko barci ya rinjaye shi ba ya tasuwa, ba a tsayawa dogon lissafi. Na yi ta gwaji a kan lafiyayyu kullum da barcin rana har idona ya saba.

A cikin Fabrairu, sanyi ya fara sassautawa, aka kawo wani ɗan wata takwas da mura ta kwana uku. Babansa ya ce an karɓo masa maganin tari a kemis, da sauƙi. Hajiya ta duba shi ta ce in sa masa ido, ta fita cefane. Da hantsi ya ƙi nonon da uwarsa ta tatsa ta bari, ya kwanta shiru. A da, da na ce ya samu barci. Amma tun ranar kasko ban ƙara yarda da shirun yaro ba sai na bincika. Na ɗaga rigarsa na dubi agogo, na samu 58. Na ɗan jira na sake, 61. Ƙarƙashin haƙarƙarinsa yana shiga ciki kamar ana jan sa da zare.

Na kira uwarsa. Ta ce tana aji, saura darasi biyu, ko zan lallaɓa shi zuwa azahar? Muryata na rawa na ce, "Malama, don Allah ki bar ajin nan. Mu haɗu a asibiti." Na goya shi, Baba ya tare mini adaidaita sahu. Limoniya ce. Kwana huɗu ya yi a gado ana yi masa allura, aka sallame shi yana dariya. Ranar da ya dawo, Hajiya ta cire tsohon agogon aikinta mai ƙirga sakan ta ɗaura mini a hannu. "Yanzu kin fara reno," in ji ta.

Allah ya yi wa Hajiya rasuwa 'yan shekarun baya, Allah ya jiƙanta ya sa renon nan ya zame mata haske a kabari. Agogon yana nan a hannuna, kuma yau ni ma ina da nawa ƙaramin gidan reno. Duk sabuwar ma'aikaciya, kafin ta taɓa yaro, sai na ba ta labarin kasko da bakina, ba na ɓoye mata cewa ni ce na rufe tagar. Ina so ta sani cewa da hunturu yawancin abin da ke cutar da yaro a hannun mai reno daga tausayi yake fitowa: wutar da aka kawo don ɗumi, tagar da aka rufe don ƙura, ruwan zafin wanka, bargon da aka jibga. Tausayin da babu sani a bayansa yana iya kai yaro kushewa.

Ke uwa, kai uba, kafin ku miƙa ɗanku a hunturun bana, ku shiga ɗakin da zai kwanta. Ku duba ko da wuta, ku duba ko taga na buɗe, ku tambayi inda ake ajiye ruwan zafi, ku tambayi mai renon ko ta iya ƙirga numfashi. Ku gaya mata gaskiyar yadda ya kwana, ko da kuna sauri. Ke kuma 'yar'uwata mai reno, idan kika ji ɗaki ya yi shiru, tashi ki duba.